Sharhi: Maganin da mai buƙata bai samu ba, mai lafiya ke haɗiya



Sharhinmu na yau zai taɓo wani ɓangare na lafiya da ba a cika zancensa ba a ƙasar Magami da Tsafe da Bungudu, wato sinadaran da likitoci ke kira homon. Jiki ne da kansa ke haɗa su, ya riƙa zuba su cikin jini kaɗan-kaɗan. Su ke sa nono ya kawo ruwa, su ke tsara zuwan al'ada, su ke daidaita suga da bugun zuciya da ɗumin jiki. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, a wajenmu lamarin ya juya baibai. Waɗanda jikinsu ya daina haɗa homon ba su ma san akwai magani ba, masu lafiya garau kuwa suna saye a kemis suna haɗiya don neman ƙiba da hasken fata.

Mu fara da mai jego. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, sunanta fituwitari. Daga wurinta umarni ke fita zuwa ga tayirod da ke maƙogwaro, da wasu 'yan tsoka biyu da ke saman ƙoda, da ma'ajin ƙwan mace, kamar yadda saƙo ke fita daga gidan hakimi zuwa ga dagatai. Lokacin goyon ciki takan ƙara girma saboda shirin shayarwa, don haka buƙatarta ta jini takan ƙaru. In mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har ta galabaita, sai jinin ya kasa isa wurin, wani sashe nata ya mutu. Wani likitan Ingila, Harold Sheehan, shi ya yi bayanin wannan cuta a 1937, kuma har yau da sunansa ake kiran ta. A ƙasashen da ake haihuwa a asibiti ga jini a ajiye, ta yi ƙaranci ƙwarai. A inda ake haihuwa a ɗaki kuwa, tana nan daram.

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi ta Magami zuwa Ɗansadau, ya san a 'yan shekarun nan ba hanyar bi da dare ba ce. A ce mace ta haihu bayan isha'i a wani ƙauye da ke gefenta. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle, ungozoma ta yi iyakar yinta. Maigida ya fita neman mota ko babur, kowa ya ce a bari gari ya waye. Da sauran shan ruwanta a gaba, ta tashi. Aka yi barka, aka yanka ragon suna, kowa ya yi hamdala. Amma nono bai kawo ba. Aka dama kunun kanwa, aka jiƙa saƙe-saƙi, shiru. Aka yi arba'in, aka shekara, aka shekara biyu, al'ada ba ta dawo ba, kuma ba ciki ba ne. Gashin hammata ya zube. Ga ta da zane biyu a tsakiyar bazara tana cewa sanyi take ji, in ta ɗaga taɓarya sau goma sai ta nemi wurin zama. Uwar miji ta ce son jiki ne, dangin matar su ce jifa aka yi mata, wani ya ce iska ce. Ranar da ɗan zazzaɓi ya kama ta kuwa, sai ta zube kamar ba za ta tashi ba, domin kotizol, homon ɗin da ke tallafar jiki lokacin ciwo, ya ƙare a jikinta.

Wannan baiwar Allah tana da magani. Gwajin jini ne zai nuna abin da ya rasa, sai a mayar mata da shi: haidirokotizon a madadin kotizol, lebotayiroksin a madadin homon ɗin tayirod, in kuma da sauran ƙuruciyarta a ƙara mata na al'ada. Na farko da na biyun duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai akwai tsari. Likita kan fara da na kotizol kafin na tayirod, domin in aka juya, ana iya jefa ta cikin haɗari. Shi ya sa ba aikin mai kemis ba ne. Kuma shan maganin har iyakar rai ne, ba a cewa an ji sauƙi a ajiye. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, in abin ya fi ƙarfinsu a tura ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Shika a Zariya. A ganinmu, gyaran ya fi kusa da haka. Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti da ta ga mace mai yawan kasala, kafin ta miƙa mata maganin ƙarin jini, ta tambaye ta: "Baiwar Allah, a haihuwarki ta ƙarshe kin zubar da jini? Nono ya kawo? Al'ada ta dawo?" Waɗannan tambayoyi ba sa cin ko kwabo.

Tare jinin tun farko ma ya fi. A 2023 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano na cikin jagororinsa. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, tana tara jinin ana ganin adadinsa, da ya kai matakin haɗari sai a haɗa mata magungunan gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Amma fa sai mace ta iso asibitin, a nan kuma maganar ta koma kan hanya da tsaro.

Sai kuma batun tayirod. Maƙoƙo ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da yake ya ragu tun da aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri a farkon shekarun 1990. Wani mai maƙoƙo tayirod ɗinsa aiki yake fiye da kima, sai rama da faɗuwar gaba da rawar hannu. Wani kuma nasa ya yi sanyi, sai kumburi da barci da mantuwa. Maganin wannan guba ne ga wancan, gwaji kaɗai ke raba su.

Sai iyayenmu mata da al'ada ke ɗauke musu, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55. Wata takan wuce lafiya lau. Wata kuwa zafi ne ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ta farka cikin dare zane ya jiƙe da gumi, ga rashin barci, ga bushewar gaba. Da yawa akan ce musu sanyi ne, su yi ta shan kafso a banza. Akwai maganin mayar da homon don irin wannan, kuma tarihinsa na da darasi. A 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai mata sama da 16,000, saboda an ga ƙaruwar kansar nono da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Mata da likitoci suka tsorata suka guje shi. Daga baya aka sake duba alƙaluman, aka lura matsakaicin shekarun matan 63 ne. Matsayin masana a yau shi ne, ga wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, kuma ba ta taɓa kansar nono ko daskarewar jini ba, amfanin yakan rinjayi illar. Mai mahaifa ba a ba ta estirojin, wato homon ɗin mata, shi kaɗai, sai an haɗa da wanda zai kare mahaifar. Wadda kuma ta shekara cur ba ta ga jini ba sannan ya dawo, kada ta ce ƙuruciya ce ta waiwayo, ta je asibiti a duba ta.

Yanzu mu juya ɗaya gefen. A tiren mai tallar magani, cikin 'yar leda ba kwali ba suna, akwai ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda da yawansu deksametazon ne ko danginsa. Budurwa an sa ranar bikinta, ƙawaye suka ce ta rame da yawa, ta fara sha safe da yamma. Cikin 'yan makonni kumatu suka cika, kowa na yabawa. Deksametazon magani ne na gaske, a 2020 ma an tabbatar yana ceton masu korona da ciwon ya tsananta. Amma ga mai lafiya, abin da yake kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki, hannu da ƙafa suna sirancewa, suga da jini suna hawa, ƙashi yana lalacewa, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Da yawan mayukan bilicin ma suna ɗauke da dangin wannan sinadari, kuma yana ratsa fata ya shiga jini. Maza su ma kada su ga kamar an tsallake su: mai yin allurar homon ɗin maza don ƙarin ƙarfi yana rage wa kansa ƙwayoyin haihuwa ne, alhali wataƙila ciwon suga ne ke damunsa bai gwada ba.

Babban haɗarin sha-ka-fashe yana wurin dainawa. In jiki ya daɗe yana samun sinadarin daga waje, sai 'yan tsokan saman ƙoda su daina haɗa nasu. Ranar da kuɗi suka ƙare ko aka tsorata aka watsar da ƙwayoyin lokaci guda, sai amai da jiri da suma, wani lokaci har rasa rai. Hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna su ke da alhakin hana sayar da shi ba takardar likita, kuma ya kamata aikinsu ya wuce cikin Gusau ya kai kasuwannin ƙauye. Wadda kuma take sha yanzu haka tana saurarenmu, kada ta zubar yau. Ta ɗauki ledar ko kwalin ta kai wa likita, ta faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana sha, shi zai tsara mata yadda za a riƙa ragewa a hankali.