Kada Malama Ta Sulale Ba Sallama

'Yan'uwana mata, musamman malamai, yau maganata a kan sallama ce.

A makarantarmu a Katsina mun yi wata malamar Faransanci, mutuniyar Maraɗi, wadda ta shekara tana koyar da 'yan aji huɗu. Da komawarta ƙasarsu ta matso, wasu suka ba ta shawara wai ta sulale ran hutu, kada yara su yi kuka. Wasu suka ce ta gaya musu za ta dawo. Ta ƙi duka biyun, ni kuwa ina bayanta.

Saura mako uku ta gaya musu. Ta zana taswira a allo, ga Katsina, ga Jibiya, ga Maraɗi, ta ce nan 'ya'yanta suke jiranta. An sha kuka, har da ita, amma na kwana biyu ne. Yaron da malamarsa ta ɓace masa ba labari kuwa, sai ya ɗauka rashin jinsa ne ya kore ta. Alkawarin dawowa fa? To, wa ke da iko da kan iyaka? A 2023 aka rufe ta, sai Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Abin da ya fi burge ni shi ne littafin da ta bar wa magajiyarta: wane ba ya ganin allo sai daga gaba, wance tana makara saboda tallan koko. Ina roƙon hedimastocinmu su wajabta wannan ga duk malamin da zai tashi.