Kafin a ƙara wa rumbun bayanai fili

Duk lokacin da rumbun bayanan kamfani ya kusa cika a kan Amazon RDS ko Google Cloud SQL, abin da ke fara zuwa ran injiniya shi ne ya ƙara fili, tunda danna maɓalli ne kawai. A ganina wannan gaggawa tana da tsada. A RDS, filin da aka ƙara ba ya raguwa da wata dannawar, sai an kwashe bayanan zuwa sabon rumbu. Kuma idan akwai sabobi da ke riƙe da kwafi, kowacce sai an biya mata nata filin duk wata, a farashin dala. Kamfanin da ke samun kuɗinsa da naira ya san nauyin hakan tun da darajarta ta faɗi a 2023. Sau da yawa ma ba bayanan abokan ciniki ne suka cika wurin ba. A PostgreSQL, idan kwafi ɗaya ya daina karɓar sabbin canje-canje, fayilolin WAL da ke ɗauke da canje-canjen na iya taruwa har su cinye faifan, ƙarin fili kuwa jinkirta matsalar kawai zai yi. Za a ce ai fili ya fi lokacin injiniya araha, kuma rumbun da ya cika yakan tsaya cak da tsakar dare. Gaskiya ne, shi ya sa ya kamata a kunna ƙarin fili na kai-tsaye da Amazon ya kawo a 2019. Amma a sa masa iyaka, a kwashe tsofaffin bayanai zuwa ma'ajiyar Amazon S3, sannan a binciki abin da ke cin filin kafin a biya.