FILIN SANA'A SA'A: Araha Ba Ta Ado, Ko A Famfon Feshi

Ina gaida duk waɗanda suka aiko da wasiƙu, musamman wata ƙanwata 'yar aji shida daga Badarawa, wadda ta ce in ta gama jarrabawa tana son ta kama sana'ar wankin kujerun kushin, amma ba ta san irin famfon feshin da za ta saya ba. To ƙanwata, kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don kuwa a cikin gidanmu aka yi wannan, kin ko san gani ya kori ji.

'Yar yayata ce, a hannuna ta tashi a nan Unguwar Sarki, ba nisa da Masallacin Sultan Bello. Da ta gama sakandare zaman jiran sakamako ya ishe ta, rannan sai ta same ni a ɗaki ta ce, "Anti, kin lura kuwa duk masu wankin kujerun nan maza ne? Gidan da ba a shiga fa sai an jira maigida yana nan, ko kuma a yi ta ciccibar kujeru zuwa ƙofar gida kowa yana kallo. Ni kuwa mace ce, har ƙuryar ɗaki zan shiga." Na dube ta na ce lallai yarinyar nan ta yi tunani. Da na kwashi adashina sai na ba ta jari. Ta sayi buroshi mai laushi, da fararen tawul, da bokitai, da sabulun ruwa na wankin kujera, injin zuƙe ruwa kuwa haya take ɗaukowa. Da aka zo kan famfon feshi sai ta ce bari ta rage kashe kuɗi, ta tsinci wani ɗan kyakkyawa mai launin ruwan hoda a wajen wani mai baro, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na mai kyau ba.

Aiki uku ya yi mata lafiya lau. Na huɗu gidan wata amarya ne a Malali, watanta huɗu da tarewa, kujeru na karammiski ruwan madara waɗanda mahaifinta ya yi mata, ga shi dangin ango za su zo mata wuni ƙarshen mako. Yarinya ta haɗa ruwa ta buga iska, tana matsawa, maimakon ya fito kamar raɓa sai ya tsarto kamar an buɗe famfo. Kafin ta ankara robar murfin ta saki, ruwa ya kwarare a kan kujera mai zaman mutum uku, soso ya sha ya ƙoshi. Abin bai tsaya nan ba, ashe ɗan ƙarfen da ke cikin hannun ya yi tsatsa, sai ga jan ruwa ya zana jirwaye a hannun kujera. Watan Agusta ne kuma, kun san damunar Kaduna, a kwana uku ba a ga rana ba. Kujera ta ƙi bushewa, ta soma warin funfuna.

Wallahi ba zan manta da fuskar amaryar nan ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi zagi ba, hawaye kawai take yi tana cewa, "Anti, me zan ce wa Abbana? Shanunsa biyu ya sayar ya yi mini kayan ɗakin nan." Jikina ya yi sanyi. Mu muka ɗauki kujerar zuwa wajen mai ɗinkin kushin, aka canza soso aka canza yadi, yadin ma bai zo daidai da sauran ba. Abin da muka kashe ya sayi famfo mai kyau har guda huɗu, ban da kunya, ban da gidaje biyu na maƙwabtan amaryar da suka fasa kiran mu.

Da daddare yarinya ta gama kukanta, sai ta ce, "Anti, ko in aro na Kawu na gona, wanda ake goyawa a baya? Ai shi ba ya lalacewa." Na ce a'uzubillahi, kul na sake jin wannan magana a bakinki! 'Yan uwana, ku riƙe wannan ko da kun manta da sauran: famfon da ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa ko na ƙwari ba ya kusantar kujera har abada, ko sau goma aka wanke shi, saboda dafin yana maƙalewa a jikin roba da tiyo. A kan kujerar nan ake kwantar da jariri, yaro mai rarrafe ya lashi hannunta, maigida ya kishingiɗa ya yi barci. Irin haɗarin magungunan nan ne ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna. Sabo za ki saya, ki rubuta masa "kujera" a jiki da babban baƙi, kuma kada ki ba da aronsa ko ga wa, ko da za a ce kin yi rowa.

Bayan mako guda na ja ta muka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, muka samu wani dattijo mai sayar da kayan feshi. Na ba shi labari, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, ai ba launi ake saye ba. Zo nan 'yata ki gani." Ya kwance guda biyu a gabanmu, ya baje kayan cikinsu a kan tebur. Abin da muka koya a wajensa, da wanda muka ƙara koya a bakin aiki, shi zan jero muku.

Na farko girma. Akwai 'yar kwalbar da ake matsawa da yatsa, ta rabin lita ko lita 1, wannan ta cire ɗan tabo ce kawai, in kika ce da ita za ki wanke saiti guda yatsunki za su sage. Akwai na goyo mai lita 16 ko 20 irin na manoma, shi kuma ya yi yawa, don kowace lita ta ruwa kilo guda ce, ke nan kilo 16 za ki goya ki hau bene, ga shi kina juyawa a falon mutane sai ki ture musu kwabet. Na tsakiya shi ne namu: wanda ake buga wa iska da hannu, mai lita 5 da igiyar ratayawa a kafaɗa, ko ƙaraminsa mai lita 2 in jarinki bai kai ba. Akwai mai batir da ake caji, yana hutar da hannu kuma feshinsa ba ya raguwa, amma ki bari sai sana'a ta kafu, don ranar da ba a kawo wuta ba kin ga aiki ya tsaya.

Na biyu, kuma shi ne ran famfon, 'yan zobban robar da ke cikin murfi da fistin da hannu. Su ke riƙe iska, su ne kuma ke fara mutuwa. Robar ba iri ɗaya ba ce, ki duba jikin kwali. In kin ga an rubuta EPDM, wannan tana jure sabulu da duk abin da ake haɗawa da ruwa, amma ba ta shiri da mai ko dangin kananzir, kumbura take yi ta saki. In kin ga Viton ko FKM, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro, ita ce ke jure magungunan cire maiƙo masu ƙarfi, ta fi tsada kuma. Mu dai babban famfonmu na sabulu ne zalla, maganin maiƙo kuwa 'yar kwalba daban muka ware masa. Kwalin da ba a rubuta komai a kan robarsa ba, ki ajiye musu kayansu.

Na uku bakin feshin. Ki nemi na tagulla, wanda ake murzawa a rage ko a ƙara, don na roba mara kauri ramin yakan buɗe ya koma tsartuwa. Abin da kujera take so shi ne feshi mai laushi wanda zai jiƙa yadi kawai ya bar soso a bushe. In an samu bakin da ke baza ruwa a faɗi kamar mafici ya fi, domin yana rufe wuri daidai wa daida, ba ya tara ruwa a tsakiya.

Na huɗu tulun kansa. Ki kifa shi ki duba gindinsa, za ki ga 'yar alama mai kusurwa uku, in da lamba 2 a ciki ko an rubuta HDPE, to robar kirki ce. Ki danna cikinsa da babban yatsa, in ya lotsa kamar gorar ruwan sha ba zai kai ko'ina ba. Ya kasance ana hango ruwan ciki, da zanen lita a jiki don auna sabulu, da baki mai faɗi da hannu zai shiga a wanke. Lallai kuma ya kasance da ɗan maɓallin sakin iska a kafaɗarsa. Wanda ba shi da shi, in kika buɗe murfi da iska a ciki, a fuska zai watsa miki sabulu.

Na biyar kayan gyara. Wancan mai ruwan hodan har Panteka muka zaga da shi neman zoben da zai shiga, ba mu samu ba, haka muka jefar. Tun a shago ki tambaya, "Baba, in robar ta mutu kuna da ita? Baki fa? Tiyo fa?" In ya ce akwai, ki sayi saiti guda tun ranar ki jefa a jakar aiki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma kunya ta hana ki gwaji. Dattijon nan da kansa ya aiki yaronsa ya ɗebo ruwa, aka zuba, aka buga iska, aka ajiye muna hira har wajen minti goma, sannan ya ce ta matsa. Feshi ya fito da ƙarfinsa kamar yanzu aka buga. Ya kwantar da shi a gefe, ya shafa bakin tiyo da murfi da hannu, babu ɗigo ko ɗaya. Mai kayan da ya hana ki wannan gwaji ya san abin da ya taka.

Saye daban, riƙo daban. Ruwan 'yan garuwa ko na rijiya sai kin tace da ɗan farin ƙyalle, ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe baki. Garin sabulun wanki kada ya shiga, ba ya narkewa duka, kuma yana barin fari-fari a yadi. Bilic irin su Hypo da Jik ba na kujera ba ne, yana cin launin yadi yana cin ƙarfen famfo, kuma haɗa shi da wani maganin wanki yana iya tayar da hayaƙi mai shaƙe mutum. Ruwa mai ɗumi ya isa, tafasasshe lalata roba yake yi. Kada ki cika tulu fal, ki tsaya a zanen da aka yi, don iska ma tana son wurinta. In kin tashi aiki ki saki iska, ki zubar da ragowar, ki zuba ruwa mai kyau ki fesa har ya ƙare, ki kife shi a inuwa, rana tana gasa roba ta tsage. In baki ya toshe, ki kwance ki jiƙa ki goge da tsohon buroshin haƙori. Ban da allura, ban da busawa da bakinki.

Kafin ki fesa wa kujerar kowa komai, ki gwada a bayanta inda ido ba ya kaiwa, ki danna farin tawul ki ga ko launi zai biyo. Kujerun da ake kawowa daga waje wasu suna da 'yar takarda a ƙarƙashin mazauni: W na nufin ruwa ba ya cutar da ita, S na nufin ba ta son ruwa sai maganin da ba ruwa a cikinsa, X kuwa zuƙe ƙura kawai ake yi. In kin ga S ko X ki faɗa wa matar gida gaskiya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da damuna ki fara aiki da sassafe, a buɗe tagogi a kunna fanka. Da hunturu kuwa ki fara zuƙe ƙura tas kafin ruwa ya taɓa, in ba haka ba laka za ki kwaɓa.

Yau shekara biyu ke nan famfon nan mai lita 5 yana hannun 'yata, sau ɗaya ta canza zobe. Daga Unguwar Rimi har Kawo ake kiranta, in Sallah ta gabato sai an yi layi. Da kuɗinta ta sayi fom ɗin makaranta, ta kuma sayi injin zuƙe ruwa nata na kanta. Amaryar nan ta Malali kuwa, da ta haihu ita ta aiko a zo a wanke mata kujeru kafin suna, ta ce ta yaba da yadda ba mu gudu mun bar ta da ɓarna ba. Yarinya ta dawo gida ranar tana dariya tana hawaye.

To ƙanwata ta Badarawa, ki fara gama jarrabawarki tukuna, ki nemi izinin su Mama, kuma duk gidan da za ki aiki ki tafi da ƙanwarki ko ƙawarki, a san inda kike a gida. In kuɗinki bai kai na famfo mai kyau ba, ki ƙara wata guda kina tari. A fito na gaba in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake cire tabon manja da lalle da biro daga jikin kujera. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya rufa mana asiri, amin.

Taku har kullum,
Antinku ta Unguwar Sarki, Kaduna.