ZA A CANZA MAKA ƘUGU KO GWIWA? FARA DA HANCINKA



Daga Gwarzo, Getso, Kabo da Garo, mutanenmu da yawa yanzu suna hawa titin Kano zuwa Asibitin Ƙashi na Dala don a canza musu ƙugu ko gwiwa. Wasu tsufa ne ya cinye gaɓar, wasu haɗari ne, wasu kuma matasa ne masu sikila da kan ƙashin ƙugunsu ya mutu. A sayar da gona, dangi su yi karo-karo, a haɗa miliyoyi. Amma shirin kwana biyar, shi ake wasa da shi.

Ga abin da nake nufi. Akwai ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus da ke zaune a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku, kuma lafiya lau yake, ba ya jin komai. Daga hanci take bin hannu ta koma fata. Wani nau'inta, MRSA, wanda aka fara ganowa a Ingila a 1961, ba ya jin irin su Ampiclox ko kaɗan. Idan ta samu ƙofa ranar tiyata, sai ta manne a jikin ƙarfen da aka saka ta yi wa kanta rufi. Ƙarfe ba jini ke ratsa shi ba, magani ba ya kai mata yadda ya kamata. Ƙarshenta sau da yawa sai an sake buɗewa an cire ƙarfen, a yi makonni ana allura, sannan a sake wani aikin. Kuɗi biyu, wahala biyu.

To mene ne mafita? Likita ya goga auduga a hanci a kai gwaji. In an samu ƙwayar, a shafa man mupirocin cikin hanci safe da yamma har kwana 5, ana wanka da sabulun chlorhexidine. A ƙasar Holan an gwada haka, aka fitar da sakamako a 2010: waɗanda ba a yi musu ba, kusan 8 cikin 100 suka kamu, waɗanda aka yi musu kuwa kusan 3 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da wannan shawarar a 2016 ga masu aikin ƙashi.

Na san wani zai ce, "Malam, ai muna shaƙa ruwa a alwala sau biyar, ga zuma ga man habbatussauda." Wallahi muna girmama su, kullum ma a kansu muke magana a wannan zauren. Amma gaskiya ɗaya ce: alwala tsarki ce, ba ta korar wannan ƙwayar daga mazauninta. Kuma zumar kasuwa ko man zaitun ba su da gurbi a kan ɗinkin tiyata. Riƙo da sababi ba ya rage tawakkali, cika shi yake yi.

Don haka in an ba ka rana:

1. Ka tambayi likitanka da bakinka zancen gwajin hanci da sabulun wanka. Ba raini ba ne, haƙƙinka ne.
2. Ka dakatar da ƙaho, tsaga da sakiya. Duk fatar da aka tsaga ƙofa ce.
3. Kar ka aske wurin da reza. In da buƙata, asibiti za su rage gashin da inji.
4. Maruru, gyambo ko ruɓaɓɓen haƙori, ka faɗa tun da wuri a magance.
5. Mai ciwon suga ya daidaita shi, mai taba ya ajiye.
6. Kar ka je kemis ka sayi kafso wai rigakafi. Wannan shan barkatai ɗin ne ma yake koya wa ƙwayoyin taurin kai.
7. Zanin gado, tawul da kayan sawa su zama wankakku, kuma naka kai kaɗai.

Ku kuma 'yan dubiya, lada kuka zo nema. A wanke hannu, a yi addu'a, kar a ɗaga bandeji wai "mu ga yadda ya yi". In wurin ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti a ranar, ba sai an gwada na gida ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kaffara ne. A tura wa wanda ake shirin yi wa aiki.