Ɓarnar Abinci Ba ta Turawa Kaɗai Ba Ce

Duk sa'ad da aka tayar da zancen ɓarnar abinci a taron malamai, ba a rasa wanda zai yi murmushi ya ce wannan ciwon ƙoshi ne, a kai wa Turawa maganinsa. Mu da muka ga yunwar 2005 da idanunmu, ina muka ga abincin zubarwa? Magana ce mai daɗin ji, domin tana wanke mu daga laifi. Amma ba gaskiya ba ce, kuma mai shakka ya zo Ɗan Barto lokacin kakar noman rani, ya tsaya bakin kasuwa bayan la'asar, hancinsa zai ba shi labari.

Hukumar FAO ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin da duniya ke samarwa ba ya isa cikin kowa. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ce a 2022 an zubar da tan biliyan 1.05, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje, kashi 12 daga hannun masu sayarwa. Na yarda, ɓarnar mai kanti a Faransa daban take da tamu. Shi ya sa a 2016 aka yi masa doka ta hana shi lalata abincin da bai saidu ba, aka wajabta masa miƙa shi ga ƙungiyoyin agaji. Tamu ɓarnar tana faruwa ne tsakanin garka da tukunya, kuma ta fi ciwo, domin mai ɗan kaɗan ne ke asara.

Dubi tafiyar tumatir daga fadamun Matamaye. A cika kwando ya yi toro, a ɗora wani kwandon a kansa, mota ta yi ta girgiza su cikin rana. Kafin a sauke, na ƙasa ya zama ruwa. Dillali ya riƙe farashi tun safe, ya gwammace ya zubar da yamma da ya rage wa talaka. Ga kuma iyaka: da Nijeriya ta rufe ta a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan gwari ba su san siyasa ba, ruɓewa suka yi, hukumomi na gardama. Wannan laifin manya ne. Sai dai iyaka ba ita ke dafa shinkafar biki ba.

A nan ne nake son mu dubi kanmu. Mun mayar da yawan girki ma'aunin daraja. A ɗaurin aure da suna, gudun kada a ce an gaza, a girka abin da unguwa biyu ba za su cinye ba, da gari ya waye a kwashe a kai juji. A watan azumi, watan da ake koyon tausayin mai jin yunwa, nan ma kwanuka ke kwana cike. Wani zai ce ai almajirai da bisashe na cinyewa. Almajiri yana cin abin da aka ba shi da sauran zafinsa. Abin da ya yi tsami kuwa ba sadaka ba ce, zubarwa ce da aka sake wa suna. Addininmu ya yi hani da almubazzaranci, bai kuma ware talaka ba.

Abin takaici, maganin na gida ne. Iyayenmu mata sun shanya tumatir ya zama kauɗa, sun yi gabu da albasa, sun busar da kuɓewa, tuwon jiya ya zama ɗumame, ko ƙanzon tukunya bai tsira ba. Kilishi kansa dabarar adana nama ce kafin ya zama abin marmari. Na zamani ma ba su yi nisa ba: Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, mai sanyaya kayan lambu ba da lantarki ba. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda masanan INRAN na Maradi suka sa hannu wajen gwajinsa, yana kashe ƙwaron wake ba tare da guba ba. Me ya hana waɗannan cika kasuwanninmu?

Duniya ta ɗauki alkawarin rage rabin ɓarnar kanti da ta gida kafin 2030. Mu ba sai mun jira taron ƙasashe ba. Ƙungiyar ƴan kasuwa ta kafa rumfar inuwa, ta sauya kwando da akwatin roba, ta ware sa'ar rangwame kafin magariba. Ƙungiyoyin mata su sayi rarar kaka da araha su shanya. Malamin makaranta ya sa ɗalibai su auna abin da gidansu ke zubarwa a mako guda. Wannan lissafi ne da tarbiyya a darasi ɗaya. Ƙungiyoyin al'adu kuma su sa mai biki da ya girka daidai baƙinsa ya zama abin yabo a dandali.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya zubar da na kaka, kada ya zargi damina idan rumbu ya ƙare a bazara.