Tikitin waya da babu lambar shiga: nauyi na kan mai sayarwa

A ranar Litinin 21 ga Nuwamba, 2022, ana dab da fara wasan Ingila da Iran a filin Khalifa da ke Doha, ɗaruruwan 'yan kallo suka buɗe manhajar tikiti ta FIFA a wayoyinsu suka tarar babu komai. Wasu manhajar ta fitar da su daga asusunsu ta kuma hana su komawa, wasu kuma sun shiga amma tikitin da suka biya kuɗinsa watanni kafin gasar ya ɓace. FIFA ta amsa cewa akwai matsala, ta umarci mutane su duba imel ɗinsu ko su je teburin warware matsalolin tikiti da ke filin. Kafin layi ya kai kan da yawa daga cikinsu, alƙalin wasa ya riga ya busa usur. Mutanen da suka biya kuɗin jirgi da masauki daga wata nahiya sun ji ihun 'yan kallo daga bayan katanga.

Abin da ya faru a Doha ya yi ƙaurin suna ne saboda gasar cin kofin duniya ce. Amma ƙorafin ya zama ruwan dare a wasannin ƙwallo da bukukuwan mawaƙa a Turai da Amurka: mutum ya biya, an cire kuɗi daga asusunsa, sunan taro da lambar kujera sun fito a waya, amma zanen da na'urar bakin ƙofa za ta haska bai fito ba. A irin wannan hali kusan kullum mai saye ake bari da neman mafita. Wannan bai dace ba. Wanda ya karɓi kuɗi, ya kuma zaɓi ya ajiye tikitin a cikin manhajarsa, shi ya kamata ya ɗauki nauyi idan tikitin ya ƙi fitowa.

Zanen da ake magana a kai, wanda ake kira bakod, ba sabon abu ba ne. Tun a watan Yunin 1974 aka fara haska shi a jikin kaya a wani kanti da ke jihar Ohayo ta Amurka. Ɗan uwansa mai murabba'i, wato lambar QR, kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro shi a 1994. Shekaru da dama masu shirya taro suna buga irin waɗannan lambobi a takarda ko su aika ta imel. Matsalar ita ce lambar da ba ta canzawa tana da sauƙin kwafa. Ɗan damfara zai iya sayar da hoton tikiti ɗaya ga mutum goma, wanda ya fara isa ƙofa ya shige, sauran tara su koma gida.

Don toshe wannan kafa ne kamfanin Ticketmaster ya fito da tsarin SafeTix a 2019, inda lambar ke sauyawa duk bayan daƙiƙa 15. Wayar mai tikiti tana sauko da wani mabuɗin sirri daga rumbun kamfanin, sai ta riƙa haɗa shi da lokacin agogo tana samar da sabuwar lamba. Na'urar bakin ƙofa ita ma tana yin lissafin, idan suka dace sai ƙofa ta buɗe. Saboda haka hoton fuskar waya ba ya aiki, bugawa a takarda ma ba ta aiki. Wasu manyan taruka sun bi hanyar tikitin waya zalla, ciki har da gasar Olamfik ta Paris a 2024.

Daga wannan tsarin ne dalilan rashin fitowar lambar ke tasowa, kuma sun kasu kashi biyu. Na farko da gangan ne: masu shirya taro da yawa suna ɓoye lambar har sai ya rage 'yan kwanaki ko 'yan sa'o'i, domin rage wa masu cuwa-cuwar tikiti lokacin kasuwanci. Na biyu kuwa tangarɗa ce. Idan waya ba ta sauko da mabuɗin sirrin ba tun kafin a bar gida, sai an samu intanet a bakin fili, wurin da dubban wayoyi suka taru a kan turakun sadarwa ƙalilan har sabis ya tsaya cik. Idan an sabunta manhaja ta fitar da mutum daga asusunsa, sai ya jira saƙon tabbatarwa da ƙila ba zai iso ba. Idan ya sayi tikiti da wani adireshin imel ya shiga manhaja da wani, ba zai ga komai ba. Idan abokinsa ne ya tura masa tikitin bai danna amincewa ba, tikitin na nan rataye tsakanin asusu biyu. Tsohuwar waya na iya ƙin ɗaukar sabuwar manhaja, agogon waya na iya kaucewa, caji na iya ƙarewa.

Babban aibin shi ne mai saye ba ya iya bambance kashi na farko da na biyu. Fuskar waya iri ɗaya ce ko an ɓoye lambar da gangan, ko tsarin ya lalace, ko kuma damfararsa aka yi. Sai ya yi ta jira da fatan za ta fito, har ranar taro ta zo, lokacin da babu sauran damar gyara.

A da, tikitin takarda yana hannun mai shi. Idan ya jefar, laifinsa ne, kowa ya yarda da haka. Yanzu tikitin yana zaune ne a kwamfutar kamfani, abin da ke hannun mai saye izini ne kawai na ganinsa, a lokacin da kamfanin ya so, ta manhajar da kamfanin ya rubuta. Tunda iko ya koma wajen mai sayarwa, dole alhaki ya bi shi. Ba adalci ba ne kamfani ya riƙe mabuɗi sannan ya tuhumi wanda ya kasa buɗe ƙofa.

Lamarin kuma ya wuce asarar kuɗi. Bakin ƙofa wuri ne mai haɗari a kowane babban taro, domin duk wanda na'ura ta ƙi karɓa yana tsayawa ne a gaban dubban da ke turowa daga baya. 'Yan Afirka ba su manta da ranar 24 ga Janairu, 2022 ba, lokacin da mutum 8 suka rasu a turmutsitsin ƙofar filin Olembe da ke Yawunde kafin wasan Kamaru da Komoros. Ba tikitin waya ne ya jawo wannan ba, ƙofa ce aka bari a rufe, amma ya nuna abin da ke biyo baya idan shiga ta tsaya alhali jama'a na ci gaba da zuwa.

Wata huɗu bayan haka, a ranar 28 ga Mayu, 2022, aka jinkirta wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid fiye da rabin sa'a a filin Stade de France, bayan da magoya bayan Liverpool suka cunkushe a mashigai, 'yan sanda kuma suka harba musu barkonon tsohuwa. Nan take hukumomi suka ɗora laifi a kan tikitin bogi, ministan cikin gida na Faransa Gérald Darmanin ya ambaci mutum dubu 30 zuwa dubu 40. Daga baya ƙididdiga ta nuna tikitin bogin da aka haska a ƙofofi bai kai dubu uku ba. Kwamitin bincike mai zaman kansa da ya fitar da rahotonsa a Fabrairun 2023 ya ce babban alhaki na kan hukumar UEFA, wadda daga bisani ta amince ta mayar wa magoya bayan Liverpool kuɗinsu. Darasin shi ne yadda masu iko ke saurin zargin mai tikiti da zarar tantancewa ta rikice.

Masu kare tikitin waya za su ce ai na Liverpool a wannan dare na takarda ne, kuma shi ya ba masu buga na bogi dama. Gaskiya suka faɗa, kuma babu mai hankalin da zai nemi a koma baya gaba ɗaya. Lamba mai sauyawa ta rage damfara sosai, ta kuma sauƙaƙa tura tikiti daga hannu zuwa hannu. Sai dai amfanin ba na 'yan kallo kaɗai ba ne. Kamfanin da ya tilasta wa kowa shiga manhajarsa yana samun bayanan duk wanda ya zauna a kujera, yana kuma da ta cewa a duk sayarwa ta biyu. A ƙarar da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da jihohi da dama suka shigar a kan Live Nation da Ticketmaster a Mayun 2024, har da zargin cewa ana amfani da SafeTix wajen takure abokan gogayya a kasuwar sake sayar da tikiti, zargin da kamfanin ya musanta. Wanda ke cin ribar tsari bai kamata ya guje wa ɗawainiyarsa ba.

Abin da ake buƙata ba mai wuya ba ne. Na ɗaya, idan an ɓoye lamba da gangan, a rubuta ƙarara a jikin tikitin rana da sa'ar da za ta fito, domin mai saye ya san lokacin da ya kamata ya fara neman taimako. Na biyu, tikitin da aka sauko da shi sau ɗaya ya ci gaba da aiki ba tare da intanet ba, kuma kada a tilasta sabunta manhaja a ranar taro. Na uku, a kowace ƙofa, ba a lungu ɗaya na fili ba, a ajiye ma'aikata masu ikon duba suna da shaidar biya su buga tikitin takarda nan take, kuma teburinsu ya kasance a gefen layi don kada ya tare hanya. Na huɗu, a tanadi hanyar da ba ta waya ba ga tsofaffi da masu buƙata ta musamman da waɗanda ba su da babbar waya. Na biyar, duk wanda tangarɗar manhaja ta hana shi shiga ko ta sa ya makara, a mayar masa da kuɗinsa ba tare da ya yi ta rubuta wasiƙa ba.

Wannan magana ta shafi mai karatu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi fiye da yadda zai zata. Duk mai niyyar zuwa kallon babbar gasa a waje zai ci karo da tsarin, kamar yadda aka gani a Maroko, inda aka ɗaure sayen tikitin gasar cin kofin Afirka ta 2025 da shaidar ɗan kallo ta manhajar Yalla. A gida ma an soma: tun Janairun 2021 aka ƙaddamar da sayar da tikitin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ta intanet domin daƙile cuwa-cuwa, masu shirya bukukuwa kuma na ƙara rungumar lambar QR. A wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa, sabis ke ɗaukewa, mutane da yawa kuma ke riƙe da ƙananan wayoyi, kwafo tsarin waya zalla ba tare da madadinsa ba gayyatar rikici ne. Ya dace hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da takwarorinta a maƙwabtan ƙasashe su shimfiɗa ƙa'ida tun kafin a yi nisa.

Kafin a kai ga haka, mai saye ya kare kansa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ya sayi tikiti daga halattaccen wuri, ya buɗe shi a gida inda akwai intanet, ya adana shi a jakar wayarsa idan an ba da dama, ya riƙe rasit da katin shaida, ya cika caji, ya kuma isa fili da wuri. Amma wannan taka-tsantsan ne kawai, ba ya sauke nauyi daga wuyan wanda ya karɓi kuɗi. Tikiti alƙawari ne cewa za a buɗe wa mutum ƙofa, kuma wanda ya yi alƙawarin shi ake bi bashin cikawa.