SHARHI: Kano ta yi zarra a NECO, amma ɗalibai nawa ne suka taɓa leƙa cikin ganye?

Da hukumar NECO ta fitar da sakamakon jarrabawar 2025, Jihar Kano ce ta zo kan gaba a yawan ɗaliban da suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Gwamnati ta danganta nasarar da dokar ta-ɓaci kan ilimi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a watan Yunin 2024. Sai dai takardar sakamako ba ta nuna ko ɗalibi ya taɓa ɗora ido a kan madubin ƙara girman ƙananan halittu.

A ɗauki darasi guda na Bayoloji: ƙofofin numfashin ganye, waɗanda littattafai ke kira sitomata. Ta nan ne tsiro ke shaƙar iskar da yake haɗa abinci da ita, ta nan kuma yake zubar da fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwarsa ta sha. Ƙwayoyi biyu ne ke gadin kowace ƙofa. Su buɗe idan da danshi, su rufe idan fari ya matsa.

Gwajin ba shi da tsada. A shafa man farce marar launi a bayan ganye, a bari ya bushe, a ɗago shi da salatif, a ɗora a kan gilashi. Madubi mai amfani da hasken rana ma ya wadatar, ba sai an jira lantarki ba.

A ƙasar Gezawa, inda gero da dawa da wake da gyaɗa ke kewaye da makarantu, ɗan manomi zai ga cewa masu gadin ƙofa a ganyen wake siffar ƙoda gare su, na dawa kuwa sirara ne masu kumburi a baki biyu. Daga nan bayani kan yadda amfanin gona ke jure yankewar ruwa a tsakiyar damina zai zauna masa.

Cikas ɗin yana wajen tsarin jarrabawa. Yawancin samfuran da ake bai wa ɗalibai a gwajin WAEC da NECO da ido ko gilashin hannu ake duba su, don haka makaranta na iya cin jarrabawa madubinta na kulle a kabad, in ma tana da shi. Ajujuwa da kuɗin rajista ana ganinsu a kasafi. Horar da malamin da zai jagoranci gwaji ba a yi masa bikin buɗewa.

Kano ce ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta bayyana adadin madubai masu aiki a sakandaren Gezawa, da sau nawa aka fito da su a zangon da ya wuce.